Darasi: Layinmu Ya Tsufa, Gyara Za Mu Yi Ko Sāke Shi Za Mu Yi?

Manufar darasi: Mu koyi yadda za mu duba hanyar da ta ratsa tsakanin gidajenmu, mu gane ko gyara take bukata ko sai an sāke ta daga tushe, kafin mu tara kuɗin jama'a.

Gabatarwa

'Yan'uwa, a yawancin ƙauyukanmu labarin ɗaya ne. Bayan girbi mukan yi aikin gayya mu cike ramuka, ruwan farko ya zo ya kwashe ƙasar. Sai wasu su ce a ci gaba da faci, wasu kuma su ce a kawo gireda a sāke hanyar baki ɗaya. Kafin a gama gardama, ruwa yana cin gindin katangunmu, mota ba ta iya shigowa ta ɗauki mai naƙuda, buhunan masara kuma sai a kai.

Ruwa ne ke kashe hanya

Hanyar ƙasa mai lafiya tana da doro a tsakiya domin ruwa ya gangara zuwa lambatu a gefe biyu. Ana so ta sauka kamar santimita 5 a kowace mita ɗaya. Wato idan faɗinta mita 6 ne, tsakiya ta ɗara gefe da santimita 15. Shekara da shekaru tayoyi, kofaton shanu da ruwan indararo suna cinye wannan doro. Daga baya hanya ta nutse ta koma ƙasa da filin da ke gefenta. Daga nan ta zama rafi, kuma duk ƙasar da muka zuba mata ruwa muka ba.

Yadda za mu duba

Mu zaɓi mutum biyar ko shida, maza da mata, tare da mai unguwa. Su bi layin daga sama har ƙasa da zarar an ɗauke ruwa mai ƙarfi, su sāke bi washegari. Su haƙa ɗan rami da diga a wurare uku su ga abin da ke ƙarƙashi.

Gyara ya isa idan:
1. Har yanzu hanya ta fi lambatu tudu.
2. Ruwa yana tsanewa cikin yini ɗaya.
3. Ramuka nan da can ne, ƙarƙashi kuma akwai marmara mai tauri.

Sai an sāke ta idan:
1. Ruwa yana bin tsakiyar hanya ko yana kwana a kai.
2. Ƙarƙashi taɓo ne mai nutsewa.
3. Mun cike wuri ɗaya damina biyu ko uku, bai tsaya ba.

Sau da yawa za mu tarar sashe ɗaya ne kawai ya mutu, musamman wurin kwari. Sai mu sāke wannan sashe, mu gyara sauran.

Maganar kuɗi

A shekarar 1988 Bankin Duniya ya bincika ƙasashe 85 masu tasowa. Ya gano sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali kulawar da ba ta kai dala biliyan 12 ba da ta hana wannan asara. A Nijeriya ma mun gani. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin karkara da yawa, amma da yawansu sun lalace don babu mai kula da su. Saboda haka kada mu amince da sabon aiki sai mun san wanda zai riƙa yashe lambatu bayan an gama. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za mu kiyaye

Ko gyara ko sākewa, lambatu ne farko. A fara haƙa daga inda ruwa zai fita, a hauro sama. Idan muka ɗaga hanya ta fi ƙofar gidaje tudu ba tare da lambatu ba, mun tura ruwa cikin ɗakunan mutane ke nan. Don haka a ji bakin waɗanda ke zaune a gangare, har da gwauraye da tsofaffi waɗanda ba sa ɗaga murya a taro. A zuba marmara a ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ke da danshi, a daɓe ta sosai.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa gina tituna da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Muna da ikon rubuta wa kansila mu nemi kwalbati, gireda ko tifar marmara, mu kuma mu ba da ƙarfinmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ina ruwan layinmu yake fitowa, ina kuma yake zuwa?
2. Gidan wa ya fi shan wahala da damina?
3. Nawa muka kashe a faci cikin shekara uku da suka wuce?
4. Wane gida ne zai kula da wane sashe na lambatu?

Abin yi: Kafin taronmu na gaba, mu zana taswirar layinmu a takarda, mu sa alama a duk inda ruwa ke tsayawa.