Kada Ka Ɓoye Aikinka, Ɗana

Ɗana, na ji daɗi da aka ce mini ka kama sana'ar rubuta manhaja, har an fara damƙa maka aikin mutane. Allah ya sa albarka. Gyara zama. Akwai maganar da nake so mu yi, kuma ba ta gaggawa ba ce.

Akwai wata ɗabi'a da takan kama masu irin aikinku, musamman masu ƙwazo. Mutum ya karɓi aiki, ya shige ɗaki, ya ja ƙofa. Wata uku, wata shida, ba wanda ya ga abin da yake yi. Ba mugunta ba ce, na sani. Kunya ce da son a yaba. Yana so ranar da zai fito da aikin a rasa inda za a kushe. To, ranar sai ta zo, mai aikin ya duba ya ce ba haka yake nufi ba. Ko kuma haka yake nufi a da, amma kasuwa ta juya, ko doka ta sake. Wahalar watanni ta tafi a banza. Kuɗi ya maƙale, zumunci ya yi tsami.

Ba a kanka aka fara ba. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan ruwa. A Amurka, kamfanin motoci na Chrysler ya so ya haɗa biyan albashin ma'aikatansa, kimanin mutum 87,000, a cikin manhaja guda. Aikin ya faro a 1993, ya yi ta jan ƙafa. A 1996 aka kira wani gwani mai suna Kent Beck don ya duba abin da ke sa manhajar nauyi. Da ya leƙa ciki, sai ya ga ɓarnar ta wuce nan. Aka ba shi ragama, aka sake aikin daga tushe. Ya jawo Ron Jeffries ya zauna da ma'aikatan yana horar da su. Hanyar da suka bi ita ce ta samu sunan Extreme Programming, ana taƙaita shi XP. A 1999 Beck ya fitar da littafi a kanta. A watan Fabrairun 2001 kuma, mutum 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah, suka fitar da sanarwar nan ta Agile da kake jin ana yawan ambato. Beck da Jeffries na cikinsu, da Ward Cunningham da Martin Fowler.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan hanya shi ne ba ta zo da wani siddabaru ba. Abubuwan da kowa ya yarda suna da kyau, amma ake barin su sai ƙarshe, su aka ɗauko aka mayar aikin kullum. Gwaji, nuna wa mai aiki, sa wani ya duba maka, share abin da ya cunkushe. Duk a yi su yau, gobe ma a yi.

Dubi tela mai hankali. In aka kawo masa shadda mai tsada, ba ya yanka ya ɗinke ya yi aiki a wuya sannan ya kira mai kaya. Yakan auna, ya harhaɗa sama-sama, ya ce zo ka gwada. In hannu ya yi tsawo, a nan take za a rage, ba a yi asarar komai ba. Haka masu XP suke yi. Mai aikin zai faɗi abin da yake so, a rubuta kowace buƙata a ɗan kati, da harshen da shi kansa zai gane. Misali, ma'aikaci ya iya ganin abin da aka cire masa na haraji. Masu rubutu su faɗi tsawon lokacin da kowane kati zai ci. Shi kuma ya zaɓi wanda ya fi matsa masa. Bayan mako ɗaya zuwa uku a kawo masa abu mai aiki, ko da ƙarami ne, ya taɓa da hannunsa. Gani ya kori ji. Lura da rabon da aka yi a nan, ɗana. Ƙiyasin lokaci naka ne, kada kowa ya tilasta maka. Zaɓin abin da za a fara nasa ne, kada ka ƙwace masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maganar gwaji, kuma a nan zan ɗan daɗe. Su XP suna rubuta gwajin kafin su rubuta abin da za a gwada. Da farko za ka ji abin bambaraƙwai. Amma duba yadda yake. Ana so manhaja ta lissafa kuɗin ƙarin lokaci. Kafin komai, sai ka rubuta ɗan umarni da ke cewa, in mutum ya yi awa kaza a kan kuɗi kaza, ga abin da ya kamata ya fito. Ka kunna, ya faɗi, don babu komai tukuna. Sai ka rubuta daidai abin da zai sa ya wuce. Ya wuce. Sai ka gyara rubutun ya yi tsaf, ka sake kunnawa. Haka za ka yi ta yi, kaɗan-kaɗan. Kafin ka ankara ka tara ɗaruruwan gwaje-gwaje da kwamfuta za ta bi cikin mintuna.

Amfanin wannan sai nan gaba kake ganinsa. Watan da mai aiki zai dawo ya ce a canza wani abu a tsakiyar manhajar, gabanka ba zai faɗi ba. Za ka canza, ka kunna gwaji, ya nuna maka inda ka taɓo ba da sani ba. Wanda ba shi da gwaji kuwa, tsoron manhajarsa yake ji. Ya ga wuri ya lalace, ya kasa taɓawa, sai dai ya yi faci a gefe. Faci kan faci, har a kai ranar da ba mai iya gane kanta. Kuma kuskure a lissafin albashi ba lamba ce kawai a allo ba. Wani magidanci ne zai koma gida da kuɗin da bai cika ba. Rigakafi ya fi magani. Beck ya damu da maganar gwaji har shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit, kayan gwajin da masu harshen Java ke amfani da shi har yau. A cikin jirgin sama suka fara shi, a 1997, daga Zurich zuwa Atlanta.

Abin da zai fi yi maka nauyi shi ne zama biyu a kwamfuta ɗaya. Ɗaya na bugawa, ɗaya na dubawa yana hangen gaba, can an jima su yi musanya. Na san zuciyar saurayi. Ba ka so a ga lokacin da kake lalube. Amma kowa na lalube, har manyan. Mai ba da kwangila kuma zai ce yana biyan mutum biyu aikin mutum ɗaya. Binciken da Laurie Williams ta yi da ɗalibai a Jami'ar Utah ya nuna cewa masu zama biyu sun ci ƙarin lokacin aiki kamar kashi 15 cikin 100, amma kuskurensu ya ragu. Ni abin da ya fi burge ni ba wannan ba ne. In mutum ɗaya ne kaɗai ya san wani sashe, ranar da ya kwanta ciwo ko ya samu aiki a wani wuri, kowa ya shiga uku. In ana zama biyu ana juyawa, ilimin ya bazu. Shi ya sa a wajensu manhaja ta kowa ce. Duk wanda ya ga gyara zai gyara, a haɗa aikin kowa sau da yawa a yini, kada a bari ya taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Suna kuma hana gina abin da ba a nema ba don tsammanin wataƙila a buƙace shi baɗi. Yi mafi sauƙin abin da zai biya buƙatar yau. Baɗi in ta zo, da gwajinka a hannu, za ka ƙara.

Ga wadda mahaifiyarka za ta fi so. A cikin ƙa'idojinsu har da awa 40 a mako. In larura ta sa an yi ƙarin lokaci a mako ɗaya, ba a yarda a maimaita a mako na biye ba. Mai gajiya kuskure yake shukawa, da safe ya tashi yana cirewa. Kwanan zaune a gaban kwamfuta ba jarumtaka ba ce. Idonka da bayanka suna da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka.

Ba zan rufe ka ba, aikin Chrysler ɗin bai kai inda aka nufa ba. A 1997 ya fara biyan kimanin mutum 10,000. Bai haɗe sauran ba, kuma a Fabrairun 2000 aka soke shi, bayan haɗewar kamfanin da Daimler-Benz. Wakiliyar masu aikin, wadda ke zaune da su kullum tana amsa tambayoyi, gajiya ta ci ƙarfinta ta bari, aka sha wuyar samun madadinta. Wannan ya koya wa mutane cewa hanyar tana ɗora kaya mai nauyi a kan mai aikin. Ta fi dacewa da ƙaramar tawaga da ke iya magana baki da baki. Da Beck ya sake fitar da littafin a 2004 tare da Cynthia Andres, ya sassauta wasu abubuwa. A kan ginshiƙai huɗu na farko, wato tattaunawa, sauƙaƙawa, jin sakamako da wuri, da ƙarfin hali, sai ya ƙara na biyar: mutunta juna. A ganina wannan na biyar shi ke riƙe da sauran. Ba za ka nuna wa mutum ɗanyen aikinka ba in ka san dariya zai yi maka. Kai ma in ƙaninka a sana'a ya nuna maka nasa, ka tausasa harshe.

Ba sai ka ɗauki duka rana ɗaya ba. Wataƙila kai kaɗai ne a aikin, ba abokin zama. Wataƙila mai aikin ɗan kasuwa ne, ba shi da lokacin zama da kai kullum. Ba laifi. Roƙe shi rabin awa duk ranar Alhamis, ka nuna masa abin da ya samu, ko da shafi ɗaya ne. Aikin da za ka taɓa gobe da safe, ka fara rubuta masa gwaji. Ka kuma nemi aboki ɗaya da ka yarda da shi, ku riƙa duba wa juna. In ka yi wata guda a haka, ka zo ka ba ni labari. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka ci halalinka da wannan sana'a.