Tara Mai Kitansi: Haƙƙin Direba a Shingen Hanya

Duk direban da ke bin hanyar Damagaram zuwa Magarya, ko mai ɗaukar ƴan kasuwa daga Dungas zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya saba da shinge. Wani na ƴan sanda ne, wani na jandarma, wani na duwan, balle in an doshi iyaka ta Tinkim. Tsai da mota aikinsu ne. Dokar hanya ta Nijar ta shekarar 2014 ta wajabta wa direba ya tsaya in ma'aikaci ya ɗaga masa hannu, ya kuma nuna takardunsa: permi, da kartagiris, da asiransi, da takardar bizit. Wanda ya ƙi tsayawa ya yi laifi, ko da takardunsa sun cika. Sai dai dokar da ta ba ma'aikaci ikon tsai da mota ita ce kuma ta shata masa iyaka, kuma wannan iyakar ce direbobi da yawa ba su sani ba.

Tara ta gaskiya tana da alamu. Ana faɗa maka laifin da ka yi. Kuɗinta doka ce ta yanke, ba a cinikinsa kamar na akuya a kasuwar Bande. Sannan ana ba ka kitansi, wato takardar shaidar biya, mai lamba da hatimi. Kuɗin da aka biya da kitansi baitulmalin ƙasa yake zuwa. Wanda aka danƙa a tafin hannu babu takarda cin hanci ne, ko an kira shi kuɗin shayi, kuma dokar hukunta laifuka ta Nijar tana kama mai karɓa da mai bayarwa. Saboda haka neman kitansi ba rashin kunya ba ne, kare kai ne. Haka nan in aka riƙe maka permi ko aka tsare motarka, ka nemi a rubuta maka dalili da inda za ka je ka karɓa.

Wani zai ce: "Ga fasinja na gunaguni, ga dabbobi cikin rana, ga kasuwa za ta watse. Gara in miƙa dala ɗari in wuce." Uzurin yana da nauyi, don wanda ke ci da guminsa ya san tsadar lokaci. Amma a yi lissafi. Dala ɗarin nan ba ta goge laifi. In asiransinka ya ƙare, a shinge na gaba ma ya ƙare, gobe ma haka. Kana biya kullum, kuma ba ka mallaki komai ba. Daga baya kuɗin ya hau kan kuɗin mota, ya hau kan buhun gero da na riɗi, talakan Dogo-Dogo da na Wacha su biya. Mafi muni shi ne ranar haɗari, Allah ya kiyaye. A ranar, abin da aka miƙa a shinge ba ya biyan magani, ba ya biyan diyya. Asiransi mai rai ne kaɗai ke tsaya wa direba da fasinjansa. Su kansu hukumomi sun san ɓarnar karɓar kuɗi a shingaye, shi ya sa ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta ba da umarni a 2005 a rage shingaye a manyan hanyoyin da ke haɗa ƙasashe.

Wani kuma zai ce takardun da Faransanci aka rubuta, shi ko bai iya ba. Ba sai ka iya Faransanci ba kafin ka tsare haƙƙinka. Lambobi iri ɗaya ne a kowane harshe da ake rubutawa da boko. Wanda ya iya karanta kwanan wata zai san ranar da asiransinsa zai ƙare, ba wanda zai ce masa ya mutu alhali da sauran wata biyu. Wanda ya iya karanta adadi zai ga ko abin da aka rubuta a kitansi shi ne abin da ya biya. Wannan kaɗai ya isa dalilin zama ajin yaƙi da jahilci.

Saura tsoro. Zagin ma'aikaci ko kokawa da shi laifi ne mai kai mutum kurkuku, don haka a yi magana da ladabi: "Ranka ya daɗe, mene ne laifina? A ba ni kitansi." In har aka tsare mutum don bincike, wa'adin da doka ta sa a laifuka na yau da kullum awa 48 ne, ba a ƙara shi sai da izinin mai gabatar da ƙara, kuma yana da haƙƙin neman lauya. Wanda aka zalunta ya riƙe sunan wurin, da ranar, da lokacin, da fasinjan da suka gani. Ya kai kuka ga kwamishinan ƴan sanda ko shugaban birgad na jandarma, in bai samu biyan bukata ba ya wuce kotu. Ya fi kyau a bi ta sandikan direbobi na tasha, don ana iya share kukan mutum ɗaya, amma da wuya a share takardar da direbobin tasha guda suka sa wa hannu.