*KANSAR HANTA: KADA KA JIRA SAI IDO YA YI RUWAN ƊORAWA*



Darasinmu na yau kan hanta ne. Kansar hanta shiru take girma, ba ciwo ba zazzaɓi. Kafin ciki ya kumbura, mutum ya rame, galibi ta yi nisa. Amma in aka gano ta tana ƙarama, likitoci na iya yanke ta ko ƙone ta.

*Su wa suka fi shiga haɗari?*
1. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki, musamman namiji. A Afirka kansar kan kama mutum tun da ƙuruciyarsa, don haka ba sai an tsufa ba.
2. Wanda likita ya ce hantarsa ta motse ta yi tauri, ko sanadin nau'in B, ko C, ko giya, ko kitse.
3. Mai nau'in B da wani na jininsa ya taɓa yin wannan kansa.

*Yaya ake dubawa?*
• In ba ka san matsayinka ba, fara da gwajin jini na HBsAg da na nau'in C. Kai da iyalinka duka.
• In kana cikin waɗancan rukunai, sai sikanin ciki duk bayan wata 6, tare da gwajin jini na AFP. AFP shi kaɗai bai isa ba, don yakan fito lafiya alhali ƙarin yana nan.
• In aka hango ƙari da ya kai santimita 1, za a tura ka hoton CT ko MRI.

Don kada ka manta, ka ɗaura shi da wata: sau ɗaya a Muharram, sau ɗaya a Rajab. Ko da jiki garau ne, ka je.

Ɗan uwa, zuma da habbatus sauda alheri ne, amma ba sa nuna maka abin da ke cikin hanta. Neman magani umarni ne na Annabi (SAW), kuma bai saɓa wa tawakkali ba. A guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Waɗanda gwaji ya nuna ba su kamu ba, a yi musu rigakafin nau'in B.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.