Fashi a Kantuna: Wa Ke Kare Yaron Shago?

Idan an idar da sallar isha'i, akasarin mutanen ƙauye sukan shiga gida su kwanta. Amma a bakin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Arkilla da Kalambaina zuwa Wamakko, a lokacin ne wasu ke tsakiyar ciniki. Haka ma a Dundaye, kusa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ga masu tireda, ga masu shayi, ga masu cajin waya, ga gidajen mai. Ga kuma masu na'urar POS, waɗanda suka ƙara yawa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023.

Da yawa daga cikin masu zama a waɗannan wurare ba su ne masu dukiyar ba. Samari ne da aka ɗauko daga ƙauye, wani ɗan ƙanen maigida, wani ɗan maƙwabci. Maigida yana gida yana barci. Yaro yana zaune shi kaɗai, cinikin yini guda yana cikin aljihun tebur. Idan ɗan fashi ya zo, da yaron zai haɗu. Da gari ya waye kuma, tambayar da aka fi fara yi ita ce, "Nawa aka ɗauka?" Sai daga baya a tuna a ce, "Yaron fa?"

Abin da gwamnatoci suka saba yi

A Nijeriya an daɗe ana maganin fashi da hukunci mai tsanani. Tun 1970 gwamnatin soja ta kafa dokar kisa ga mai fashi da makami. An yi ta harbe 'yan fashi a bainar jama'a. Dattawa ba su manta da Lawrence Anini ba, wanda ya addabi birnin Benin a 1986, aka harbe shi a watan Maris na 1987. Duk da haka fashi bai ƙare ba. Hukunci yakan zo ne bayan an riga an yi ɓarna.

A Jihar Sakkwato an ga wasu matakan. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an hana sayar da fetur a jarka, an kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga. A watan Oktoba na wannan shekara aka kai mummunan hari kasuwar Goronyo, mutane da dama suka rasu. A 2024 Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Waɗannan duk don 'yan bindigar daji aka yi su. Ba su shafi yadda aka shirya shago ba, ko yadda mai tsaronsa yake kwana.

Darasi daga wani gari a Amurka

Akwai wani gari mai suna Gainesville a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Kamar Wamakko, shi ma akwai babbar jami'a a cikinsa. Yana da ƙananan kantuna masu sayar da burodi da lemo da madara, wasu har da fetur, suna buɗe dare da rana. 'Yan fashi suka matsa wa kantunan nan lamba. 'Yan sandan garin suka zauna suka bi rahotannin fashin ɗaya bayan ɗaya. Suka gano galibi ana yin fashin ne lokacin da ma'aikaci yake shi kaɗai a kanti.

A 1986 majalisar garin ta kafa doka a kan masu kantunan. Dokar ta ce kada a bar kuɗi masu yawa a wurin karɓar ciniki da dare. A ajiye akwatin ƙarfe mai 'yar kafa, irin asusu: ana jefa kuɗi ciki, amma ma'aikaci ba shi da ikon buɗe shi nan take. A liƙa sanarwa a ƙofa don kowa ya san haka. A cire takardun talla da suka rufe taga, domin mai wucewa ya ga abin da ke faruwa a ciki. A haskaka harabar kanti. A sa na'urar ɗaukar hoto. A kuma koya wa ma'aikata abin da za su yi idan 'yan fashi sun shigo.

Sashen da ya fi jawo gardama ya fara aiki a 1987. Shi ne wanda ya ce daga ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 4 na asuba, dole ma'aikata biyu su kasance a kanti. Masu kantuna suka ƙi, suka ce albashin mutum biyu zai cinye ribarsu. Majalisa ba ta janye ba. Daga baya 'yan sandan garin suka ba da rahoto cewa fashin kantuna ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Ba kowa ya yarda cewa dokar mutum biyu ce kaɗai ta kawo wannan ragi ba. Wasu masu bincike sun ce kama wasu gaggan 'yan fashi da aka yi a daidai lokacin ya taimaka. Wasu kuma sun ce mai bindiga yana iya cutar da mutum biyu kamar yadda zai cutar da ɗaya. Wannan magana ce abar dubawa. Amma abin da garin ya fara ya bazu. A 1990 da 1992 Jihar Fulorida ta kafa dokokin tsaron kantuna ga jihar baki ɗaya. A ƙarƙashin ta 1992, kantin da aka taɓa yi wa mummunan hari sai ya ƙara ɗaukar mataki cikin dare: ko ya sa mutum biyu, ko mai gadi, ko gilashin da harsashi ba ya hudawa, ko ya kulle ƙofa ya riƙa miƙo kaya ta taga, ko kuwa ya rufe.

Abin lura a nan shi ne majalisar gari ba ta sayi bindiga ko ɗaya ba. Ta duba abin da ɗan fashi yake so ne: kuɗi da yawa, duhu, da mutum shi kaɗai. Sai ta rage masa duka ukun.

Ikon ƙaramar hukuma

Mai karatu zai iya cewa ai can Amurka ce. Gaskiya ne. Mai tireda a Gumbi ba zai iya sayen gilashin da harsashi ba ya hudawa ba. Kuma a Nijeriya 'yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne, shugaban ƙaramar hukuma ba ya ba su umarni.

Sai dai Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa fitilun kan titi, da tsara harkar shaguna da tireda da gidajen abinci. Ke nan Ƙaramar Hukumar Wamakko, da sauran 22 na jihar, suna da hurumi a wannan fanni. Jami'in da ke zuwa karɓar kuɗin lasisin shago yana iya duba ko akwai fitila a ƙofar shagon. Abin takaici, a wurare da yawa rasiti kawai ake yankewa a wuce. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka jama'a suna da hujjar tambayar kansilansu batun fitila a bakin kasuwa.

Wasu abubuwan ma ba sa jiran doka. Fitilar sola ɗaya masu shaguna huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya. Maigida yana iya zuwa da magariba ya kwashe cinikin yini, ko a tura shi banki ta waya. Maƙeri ko mai walda yana iya ƙera asusun ƙarfe a kafe shi a ƙasa, makulli yana gida. Inda ba a iya biyan yara biyu, maƙwabtan shago su sa lokacin tashi ɗaya, kada a bar mutum guda a layi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Haƙƙin yaron shago

Akwai dalilin da ya sa wasu yara suke kokawa da mai makami. Suna tsoron a ce da bakinsu aka yi, ko a cire kuɗin daga albashinsu. Wannan tsoro ya jawo asarar rayuka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ba ta yarda maigida ya yanke albashin ma'aikaci yadda ya ga dama ba. Ko da asarar ta faru ne saboda sakacin ma'aikacin, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Dokar ta kuma hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin dare, in ban da wasu masana'antu kaɗan. Sannan akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Mai ɗaukar ma'aikata ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF. Ƙananan shaguna ba su cika shiga wannan tsari ba, shi ya sa jinyar yaro takan koma kan iyayensa.

Saboda haka uban da za a ɗauki ɗansa tsaron shago ya kamata ya zauna da maigidan a gaban shaidu tun kafin yaro ya tafi. A yi magana a kan lokacin tashi, da wanda zai kwana da yaron, da wanda zai biya kuɗin asibiti idan wani abu ya faru. Maigida kuma ya faɗa wa yaron da bakinsa cewa idan an nuna masa makami ya miƙa kuɗin, kada ya yi gardama, kada ya bi su. Bayan sun tafi ya sanar da maƙwabta da mai unguwa, a kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112. Idan da hali a rubuta wannan yarjejeniya, kowane ɓangare ya riƙe takarda ɗaya.