KWANA ƊAYA A CIKIN HAMADA

Kowane yaro da ya tashi a Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, ya san hunturu. Da an gama girbin dawa sai iska ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Gari ya yi fari fat da hazo, leɓɓa su tsage, ƙura ta kwanta bisa ganyen rake a fadama. Wannan ƙura baƙuwa ce, ta yiwo tafiya mai nisa. Yawancinta daga Hamadar Sahara take tasowa, daga wajajen Bilma a ƙasar Nijar da kuma arewacin Chadi. Har wa yau daga Bilma ɗin ake kawo kantun gishirin nan da makiyaya ke saya wa shanunsu a kasuwannin ƙasar Hausa. Ashe mutanen waɗannan garuruwa sun daɗe suna hulɗa da hamada, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganinta da ido.

Hamada ƙasa ce wadda ruwan sama bai cika sauka a cikinta ba. Wani wuri yakan shekara biyu ko uku ko ɗigo bai samu ba. Sahara ita ce babbar hamada mai zafi a duniya duka, girmanta ya kusa ninka na Nijeriya sau 10. Ba dukanta ce rairayi ba. Wani sashe duwatsu ne baƙaƙe, wani fako ne mai tsakuwa, wani kuma tuddan rairayi ne, wannan bayan wannan, har iyakar ganin ido. Yankin da ke gabas da duwatsun Abzin shi ake kira Tenere, watau wurin da ba kowa, da harshen Abzinawa.

Wanda ya tashi daga Makarfi yana son ganin Tenere, sai ya nufi arewa. Ya bi ta Kano da Daura, ya ƙetare iyaka ya shiga Nijar, ya wuce Matamaye, ya sauka Damagaram. Daga nan ya bi ta Tanut. Yana tafe gonaki suna raguwa, itatuwa suna gajarcewa, har ya kai inda ba a noma sai kiwo. Ƙarshe ya hango hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da laka, tsawonta mita 27. Agadas ita ce ƙofar hamada. Mutanenta da yawa suna jin Hausa, saboda haka baƙo daga ƙasar Zazzau ba ya rasa abokin zance.

A zamanin da, raƙumi kaɗai ke iya ratsa Tenere. Bayan damina Abzinawa sukan haɗa ayari, su ɗauki gero su nufi Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600, su komo da gishiri da dabino. Madugu shi ne shugaban ayari. Shi ke faɗin lokacin tashi da wurin sauka, ba kuwa mai musa masa, gama ran kowa yana hannunsa bayan Allah. Har yanzu ana yin wannan fatauci, ko da yake manyan motoci sun ƙwace wani kashi nasa.

Mota ta fara ƙetare Sahara a ƙarshen shekarar 1922. Waɗansu Faransawa ne suka tashi daga Aljeriya da motoci 5 ƙirar Citroën, suka isa Tambutu a watan Janairu na 1923, bayan tafiyar wajen mako 3. Daga baya aka ƙera motoci masu ƙarfi irin su Land Rover da Land Cruiser. Da waɗannan suka yawaita, sai baƙi daga ƙasashen Turai suka shiga zuwa Agadas don yawon buɗe ido. Su ɗauki hayar mota da jagora, a kai su cikin hamada su kwana, su ga abin da ba su da shi a ƙasarsu. Wani Ba'abzine mai suna Mano Dayak ya yi suna ƙwarai wajen wannan sana'a. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, sunansa ne kuma aka sa wa filin jirgin sama na Agadas.

Motar hamada ta bambanta da wadda ke jigila tsakanin Zariya da Ikara. Ƙananan motoci da ƙafa biyu kaɗai suke ja, sauran biyun bi suke yi. Ita kuwa wannan, inji yana juya ƙafafunta duka huɗu, saboda haka in ɗaya ta nutse sauran sai su fid da ita. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, don kada dutse ya fasa shi. Tayoyinta kuma masu faɗi ne, kamar yadda tafin raƙumi yake da faɗi.

Ba a fita wannan tafiya sai da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama zafin bazara a can ya fi ƙarfin baƙo. Tun ana gobe za a tashi ake yin shiri. Abu na farko ruwa. Akan cika jarkoki da wanda zai ishi kowa, sa'an nan a ƙara na waɗansu kwanaki, ko da wani abu zai faru. Akan kuma rataya salka a jikin mota, don iska tana bugunta ruwan ciki yana yin sanyi. Bayan ruwa sai mai, da tayoyin ajiya, da famfon ba taya iska, da shebur, da igiya, da waɗansu dogayen falankai na ƙarfe. Sa'an nan guzuri: garin alkama, da shinkafa, da dabino, da ganyen shayi da sukari. Akan sa barguna da tabarmi da itacen wuta, gama inda za a kwana ko tsinke babu. Kafin a bar gari sai an gaya wa hukuma yawan mutane, da inda aka nufa, da ranar komowa. Kuma masu hankali ba su fita da mota ɗaya. Biyu ko uku ake haɗawa, in ɗaya ta lalace sauran su ɗauki mutanenta.

Da sassafe ake tashi. Jagora yana zaune kusa da direban motar gaba, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanunsa kaɗai ake gani. Ba a jima ba hanya ta ɓace. Ba kwalta, ba allo, ba wanda za a tsaya a tambaya. Jagora sai ya riƙa nuni da hannu, dama ko hagun. Yana duban rana, da kan wani dutse can nesa, da yadda iska ta kwantar da rairayi. A yau akwai na'ura mai nuna wa matafiyi inda yake ta hanyar tauraron ɗan Adam, amma ba ta iya gaya masa wace rijiya ce ta ƙafe bana, ko wane rairayi ne zai haɗiye mota. Wannan sai wanda ya bi ubansa da raƙuma tun yana yaro. Da tsohuwar zuma ake magani.

In an iso rairayi mai laushi, direbobi sukan tsaya su rage wa tayoyi iska. Taya in ta yi laushi sai ta baje, ta daina nutsewa. Duk da haka mota takan kafe. To, a nan ba babba ba yaro, kowa sai ya sauko. A haƙe rairayin da ke gaban ƙafafun da shebur, a cusa falankan nan na ƙarfe, direba ya ba ta wuta, sauran su tura. Da tsakar rana kuma akan hango wani abu yana ƙyalli kamar tafki. Wannan ita ce kawalwalniya. Zafin ƙasa ne ke karkata haske, ko an bi ta yini guda ba a tarad da ruwa.

Waɗanda suka miƙe gabas sosai sukan kai wani wuri mai ban mamaki. A da akwai wata bishiya mai ƙaya a tsaye a nan ita kaɗai, ba wata a kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa. Da aka haƙa rijiya a gefenta, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Shekara da shekaru ayari yana sauka a gindinta, ba wanda ya taɓa karya reshenta don ya dafa shayi, gama ita ce alamar hanya. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Aka ɗauki gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa bishiyar ƙarfe a gurbinta.

Tun rana ba ta faɗi ba ake yin zango. Jagora yakan zaɓi gindin tudu, inda iska ba ta bugawa, a jera motoci su zama kariya. Ba a sauka a cikin busasshen rafi, domin in an yi ruwa a kan duwatsu can nesa, rafin yakan kawo ba zato. In ruwan da ke hannu ya yi ƙaranci, masu salla sukan yi taimama, a bar shi don sha. Yara su yi ta hawa tudu suna gangarowa, kuku kuwa yana can yana aikinsa. Yakan kwaɓa garin alkama ya yi shi kamar faifai, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullun a cikin rairayi mai zafi, ya mai da garwashi a kai. In ta gasu ya tono ta, ya kakkaɓe, a gutsuttsura a zuba miya. Bayan abinci sai shayi, wanda akan dafa sau uku da ganye ɗaya. Na fari yana da ɗaci, na ƙarshe kuwa zaƙi.

Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko farat ɗaya. Dalili kuwa, a inda akwai gajimare da danshi, kamar ƙasar Zazzau da damina, su ke tare zafin da ƙasa ta sha da rana, kamar yadda bargo ke tare zafin jiki. A hamada sama tana buɗe, iska kuma a bushe, saboda haka zafin sai ya tashi ya tafi. Wani dare har ruwan da aka bari a kwano yakan kusa daskarewa. Mutumin da ya yini yana gumi sai ga shi ya ƙudundune cikin bargo biyu.

Abu biyu ne baƙo ba ya mantawa da su. Na ɗaya shiru. A Kudan ko da tsakar dare akan ji haushin kare, ko kukan jaki, ko kwaɗi a fadama. A nan kuwa in wuta ta mutu aka daina hira, mutum har numfashinsa yana ji. Na biyu taurari. Da yake ba fitila ba hayaƙi, sukan fito fiye da yadda aka saba gani, ga Kaza da 'Ya'yanta nan a fili kamar a ƙirga su. Jagora yakan nuna wa baƙi Tauraron Arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Wanda ya san shi ya san gabas da yamma ko cikin duhu.

Da gari ya waye, kafin kowa ya sa takalmi sai ya zazzage shi, don kunama tana son wuri mai ɗumi. Kewaye da zango akan ga sawun ƙwari da na ɓeraye, wani lokaci har da na yanyawa, duk sun zo sun wuce ana barci. A kashe wuta, a kwashe shara duka a sa a mota. A kan hanyar komowa jagora yakan tsaya ya nuna wa baƙi kan kibiya na dutse, ko fasasshen kasko, ko dutsen niƙa, a yashe bisa rairayi. Ba a ɗauka, kallo kaɗai ake yi. Waɗannan kayan mutanen da ne, gama Tenere ba haka take ba tun asali. A shekarar 2000 masu bincike suka gano wani wuri da ake kira Gobero, inda suka tarad da kaburburan mutanen da suka zauna a bakin tafki shekaru dubbai da suka wuce, tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina.

Kada a ga mota tana gudu a zaci ta rage wa hamada haɗari. Takan kai mutum a yini ɗaya inda raƙumi zai yi kwanaki, amma in ta tsaya, nisan nan duka sai ya zama abokin gaba. Don haka jagorori suke da dokoki. Kada kowa ya bar zango shi kaɗai. Kada a ɓarnatad da ruwa. In mota ta lalace a zauna kusa da ita, a fake a inuwarta, domin masu nema sun fi saurin hango mota bisa ga mutum. A watan Oktoba na 2013 aka sami gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Su ba yawon buɗe ido suka fita ba. Talakawa ne masu neman abinci, da yawansu daga ƙasar Kance, wadda ke kan hanyar nan ta Daura zuwa Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwansu ya ƙare. Allah ya jiƙansu.

Tun daga 2007 baƙi masu zuwa kallon hamada sun ragu ƙwarai saboda rashin zaman lafiya a arewacin Nijar, jagorori da yawa kuma sun koma waɗansu sana'o'i. Amma dokokin tafiya suna nan yadda madugai suka bar su, mai raƙumi da mai mota duk su suke bi. Yaron da ke zaune a ƙasar da rijiya ba ta da zurfi, rake yana tsiro a bayan gari, ya kamata ya san darajar abin da Allah ya ba shi. In ya ɗebi ruwa a randa ya sha, kada ya watsar da sauran a banza.

TAMBAYOYI

1. Daga ina ƙurar hunturu take tasowa?
2. Faɗi garuruwan da matafiyi zai bi daga Makarfi zuwa Agadas.
3. Me ya bambanta motar hamada da sauran motoci?
4. Don me direba yake rage wa taya iska in ya iso rairayi mai laushi?
5. Me ya sa dare yake da sanyi a hamada?
6. Me ya sami Bishiyar Tenere a 1973?
7. In mota ta lalace a hamada, me ya kamata matafiya su yi? Don me?
8. Sa kowace kalma a cikin jimla: ayari, madugu, zango, salka, kawalwalniya, guzuri.