Yankan Riɗi: Yadda Za Mu Je Gona Mu Dawo Lafiya



Damina ta ja baya, riɗi ya nuna a manyan gonakin da ke kewaye da Abu Hujar, motocin masu ɗibar lebura kuma sun fara tsayawa a bakin sansani tun asuba. Mun san da yawa daga cikinmu za mu tafi, domin abincin da ake rabawa ba ya kai ƙarshen wata. Amma idan magidanci ya ji rauni, gida guda ne ke kwana da yunwa.

Riɗi ba ya jira. In ya bushe a tsaye sai kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa mai gona ke gaggawa, yana biyan mutum gwargwadon damin da ya ɗaure. Wannan gaggawar ita ke sa mu manta da jikinmu. Ga abubuwa biyar da za mu riƙe.

1. Kafin mu hau mota. Mu tambayi sunan mai gona da inda gonar take, mu bar wa iyali bayanin. A gaban shaidu biyu a yi magana uku: nawa ne ladan, wa zai kawo ruwan sha, wa zai kai mutum asibiti in ya ji ciwo. Kada wani ya tafi shi kaɗai, kada kuma mu zauna a bakin tirela ƙafafu a waje.

2. Lauje da rana. Lauje mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, domin ba sai an fizga da ƙarfi ba. Mu bar tazara tsakaninmu da na kusa da mu. Mu fara da sassafe, mu huta a inuwa da tsakar rana, mu riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a nemi mota. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali a ruwa mai tsabta lita 1.

3. Maciji. Kububuwa da kasa suna son sanyin ƙarƙashin damin da aka jingine. Mu taɓa dami da sanda kafin mu sa hannu, mu sa rufaffen takalmi, mu riƙe tocila da dare. In sara ya faru, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro, a tallafe gaɓar da itace don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya yi tafiya da ƙafarsa. A nufi asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa yakan sa zubar jini bayan sa'o'i.

4. Ragowar yaƙi. Tun da faɗa ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024, akwai gonaki da hanyoyin da aka bar harsasai da rokokin da ba su fashe ba. Duk baƙon ƙarfe da muka gani, kada mu taɓa, kada mu jefe shi. Mu koma ta sawun da muka zo, mu gargaɗi sauran, mu sanar da ofishin kariya.

5. Yara. Dokar yara ta Sudan ta 2010 ta hana sa yaro aiki mai haɗari. Kusa da injin sussuka da wurin feshin magani ba wajen yaro ba ne. Jarkar maganin ƙwari kuwa, ko sau goma aka wanke ta, ba a zuba ruwan sha a ciki.

Wanda ya ji rauni aka hana shi haƙƙinsa, ya zo ofishin kariya tare da shaidunsa. Akwai mai fassara da Hausa, ba a biyan ko sisi. Mai iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda kafin motar gobe ta zo.

Allah ya tsare mu, ya mayar da mu gidajenmu lafiya.