KALMOMIN JUYI DA KEWAYE A HARSHEN HAUSA

Ɗalibai da yawa sukan ruɗe a darasin labarin ƙasa idan aka tambaye su bambancin juyawar duniya da kewayawarta. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin awa 24, shi ke kawo dare da rana. Tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, shi ne shekara. Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ya daɗe da raba waɗannan motsi, kowanne da kalmarsa. Wanda ya gane motsin da ke cikin kalma, zai gane ma'anarta ko da an ɗauke ta an kai ta kasuwa ko fagen siyasa. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

1. JUYA

Abu yakan juya ne a inda yake, gabansa ya koma baya, ko samansa ya koma ƙasa. Mai waina tana juya ta a tanda. Idan muka canza wasalin ƙarshe, sai ma'ana ta canza: juyo (ka fuskanto ni), juye (ka zuba hatsi daga kwarya zuwa buhu), juyu (abin ya yarda an juya shi). Daga nan aka sami "ya juya mini baya", wato ya yashe ni, da "yana juya kuɗi", wato yana kasuwanci da su, da "ba ya juyuwa" ga mai taurin kai. Haka kuma juyin mulki, na sama ya koma ƙasa, kamar wanda sojoji suka fara yi a Nijeriya ranar 15 ga Janairu, 1966. Idan kuwa jama'a ne suka tashi suka sauya tsarin ƙasa baki ɗaya, kamar a Faransa a 1789, sai a ce juyin juya hali.

2. KEWAYA DA ZAGAYA

Nan kuma dole a sami wani abu a tsakiya, mai tafiya ya bi gefensa har ya komo inda ya faro. Ganuwa takan kewaye birni, danga ta kewaye lambu. Shi ya sa ake cewa "Rano da kewaye", ana nufin garin da ƙauyukansa. Mai kewaye-kewaye a magana shi ne wanda ya ƙi zuwa kan batu kai tsaye. Saboda kunya kuma, Bahaushe yakan kira makewayi "kewaye", ya ce "zan zagaya", domin wurin a bayan ɗaki yake.

3. MURƊA

Murɗawa juyi ne na ƙarfi, an riƙe gefe ɗaya an juya ɗayan. Akan murɗa kunnen yaro, ciki ma yakan murɗa. Tun da abin da aka murɗa ba ya zama a miƙe, sai aka kira mai wuyar sha'ani murɗaɗɗen mutum, aka kuma ce an murɗe zaɓe idan an karkatar da sakamakonsa.

4. TUƘA, DAMA DA BURGA

Waɗannan na madafa ne. Ana tuƙa tuwo da muciya, ana dama fura da ludayi, ana burga miyar kuka da maburgi, wanda ake murzawa tsakanin tafin hannu biyu. Masunta a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, suna tuƙa kwalekwale. Da mota ta zo ƙasar Hausa ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sai aka ce tuƙin mota. Daga dama kuwa muka sami "kada ka dame ni", da "ana damawa da shi", wato yana cikin masu faɗa a ji.

5. KAƊI

Wannan kalma ta fi shafarmu, mu mutanen Rano da Kibiya. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ake kira Sarakunan Baba, saboda rini da sana'ar tufafi. Amma kafin marini ya sami abin tsomawa a karofi, sai mace ta yi kaɗi. Takan gurje auduga a magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, sa'an nan ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Dunƙulen yumɓun da ke gindin mazarin, wato gululu, shi ke ba shi nauyi ya daɗe yana wulwulawa. Zare mai kauri shi ne abawa. Daga nan sai masaƙi, sai marini, sai mabugi. Zanen masaƙun zamani ya kusa kashe wannan sana'a, amma har yau mukan ce jikin matsoraci yana rawa kamar mazari. Yara nawa ne cikin masu faɗin haka suka taɓa ganin mazari da idonsu?

Akwai sauran kalmomi da wuri ba zai bari mu yi bayaninsu ba, irin su mirgina, birkita, jirkita, waiwaya, guguwa, da hajijiya wadda ke kama yaro idan ya cika wulwulawa.

Ya ku ɗalibai, ga aikin hutu. Kowa ya nemi wata tsohuwa a unguwarsu ko ƙauyensu wadda ta taɓa kaɗi, ya gaishe ta da ladabi, ya roƙe ta ta nuna masa kayan aikin, ya rubuta sunan kowanne da amfaninsa. Sa'an nan ya kawo jimla biyar da kalmar "juya", kowacce da ma'ana dabam. Duk kalmar da ba a rubuta ba, ranar da mai ita ta kwanta dama, tare za su tafi.